Jan Biro a Kan Mirrihi

Ranar Talata aka binne Saudatu, mijinta Tajuddeen yana cikin jirgi, saura awa shida ya sauka Kuala Lumpur. Tun daga filin jirgin Kano ya kira Muhyiddeen, shugaban ƙungiyar ɗalibansu, ya roƙe shi a jira zuwa safiyar Laraba. Muhyiddeen ya karanto masa hadisin gaggauta jana'iza da Larabci, ya kuma fassara masa, kamar Tajuddeen bai taɓa shiga aji ba. Sai bayan sadakar uku wani ya yi suɓutar baki: asibiti sun yarda su ajiye ta. Shugaba ne yake da ganawa da malaminsa a jami'arsu da ke titin Jalan Semarak da safiyar Laraba, bai kuma so a ɗaga ba.

Wata huɗu ke nan. Yau Asabar, Tajuddeen yana tsaye a kicin ɗinsa da ke hawa na sha huɗu a unguwar Setapak, yana dama talgen fulawa.

Saudatu ce ta ƙirƙiro zaman Asabar: kowane mako gida ɗaya zai tara ƙananan yara ya ba su aikin hannu, iyaye su sami sararin karatu. Da ta rasu matan suka so tsallake gidansa, ya ce a bar masa layin matarsa. Yau yara uku ne: 'yarsa Rumaisa mai shekara huɗu, sai Hanan da ƙanwarta Hureira, 'ya'yan Muhyiddeen. A makarantarsu ana zancen sararin samaniya, don haka duniyoyi za a yi. A hura balan-balan, a yayyaga takarda, a tsoma a talge, a lilliƙa.

"Baffa, ina takardar?" in ji Hanan. "Umman Rumaisa da jarida take yi mana."

"Jarida ƙarya ta yi mata yawa," in ji Tajuddeen. "Yau da ilimi za mu yi."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko kundin.

Shekaranjiya Muhyiddeen ya kawo shi da kansa, rungume a ƙirji. Kundin digirinsa na uku ne, shafi ɗari uku da 'yan kai, kwafin da farfesan da aka gayyato daga waje ya bi da jan biro bayan an kare shi. Tsohon da hannu yake rubutu, kuma tuni ya koma ƙasarsu. Ranar Laraba za a miƙa gyararren kundi haɗe da wannan kwafin, a gwada a ga an bi kowane gyara. In ba haka ba sai wani zangon, bizar Muhyiddeen kuwa ƙarshen wata take mutuwa.

"Malam, kai ne mai Turanci, rubutun tsohon nan ya fi ƙarfina," ya ce.

"Ka ɗauki hotonsa a waya?"

"Shafi ɗari uku? Haba. Ai hannunka ya fi waya aminci."

Tajuddeen ya karanta shi tas. Bai yi mamakin abin da ya gani ba. Mutumin da yake rubuta jimla uku inda ɗaya ta isa, ya kasa jira awa shida.

Yanzu ya ɓalle murfin, ya zube shafukan a tsakar tabarma.

"Boleh, Abba? Mu yaga?" Rumaisa ta tambaya da yaren ƙasar, wato ko an yarda, domin a gidan nan an san hukuncin mai taɓa littafi.

"Boleh. Amma ƙanana, kamar yatsanki. Hanan, ke ce babba, fara."

Hanan ta ɗauki shafin godiya, inda ubanta ya gode wa Allah da iyayensa da wasu mutum goma sha tara, ta raba shi biyu. Hureira ta ƙyalƙyale da dariya ta cafko babi na biyu gaba ɗaya.

Ya koyar da su da gaske, domin bai iya koyarwar wasa ba. Babban balan-balan shi ne Mushtari. Mai zobe Zuhal, zoben daga murfin kundin aka yanko. Rumaisa ta ce ita farin wata take so, ya ce wata ba duniya ba ne, ta ce ita dai shi take so, ya ba ta.

"Wannan kuma Mirrihi, ja ce. Ba mu da jan fenti. Ku tsinto min duk takardar da jan rubutu ya yi wa yawa."

Aikin ya yi musu daɗi. Suka bi tarin suna ihu, "Baffa ga wata! Wannan ta fi ja!" Babi na huɗu kusan duka Mirrihi ya tafi. Talge ya jiƙa tawadar, ta narke ta bi yatsun Hureira, ta shafa a goshi. Tajuddeen yana riƙe da balan-balan ɗin yana juya musu. Ya ga wata doguwar tambayar farfesa ta wuce ƙarƙashin tafin Hanan, ta zama dabbare. Ya saurari zuciyarsa ko zai ji nadama. Yunwa kawai ya ji.

Kafin azahar duniyoyi biyar suna rataye a igiyar shanya ta baranda, fanka tana kaɗa su.

Da la'asar Muhyiddeen ya yi sallama, riƙe da ledar shinkafar da ya sayo a ƙunshe daga mamak, gidan abincin da ke ƙasan benen.

"Malam, sannu da fama da mutanen nan. Kai, kai, kai! Su wa suka yi wannan? Ashe 'yan sama-jannati gare mu!"

"Abba, zo ka ga tawa!" Hanan ta ja shi baranda. "Mirrihi ce. Ni na tsinto jajayen."

Ya sunkuya yana murmushi. Ya juya ƙwallon da yatsa. Tajuddeen yana jingine da ƙofa, ya ga daidai lokacin da idon ya tsaya a kan rabin sunan wani jadawali. Muhyiddeen ya juya Mushtari, ya juya Zuhal, ya shafa zoben. Ledar ta suɓuce, miya ta fantsama a kan tayil.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zauna a ƙasa, cikin talgen da ya ɗiga. "Duka?"

"Duka," in ji Tajuddeen.

"Ba ta yi kyau ba, Abba?" Hanan ta tambaya.

Muhyiddeen bai ji ta ba. Ya sa farce ya ɓanɓaro wata 'yar takarda, ta dagargaje a hannunsa. Ya daɗe yana kallonta. Shekara biyar na karatu, ga dattijuwar mahaifiyarsa da ke Gumel tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya kusa zama dakta. Tajuddeen ya gyara tsayuwa. Ya jira a ɗago a tambaye shi dalili.

Muhyiddeen ya miƙe da ƙyar. Hawaye ne a fuskarsa. Ya taho ya dafa kafaɗun Tajuddeen da hannu biyu.

"Kada ka ce komai, Malam."

"Shugaba, ka saurare ni..."

"A'a, wallahi kada ka ba ni haƙuri. Laifina ne. Mutum yana cikin halin da kake ciki, ga marainiya, ga yara sun cika maka gida, ni kuma na zo na ɗora maka kaya. Kowa ya san tun rasuwar nan ba ka dawo daidai ba, mun sha zancen a ƙungiya. Na yafe, duniya da lahira."

"Ba haka..."

"Na ce na yafe. Hanan, ɗauko ƙanwarki."

Hanan ta ƙi tafiya sai da aka kwance mata Mirrihi. Suka fita, uban yana gaba yana dafa bango, ita tana baya riƙe da zaren, ƙwallon yana lilo. Tajuddeen ya bi su babu takalmi har bakin lif. Muhyiddeen ya ɗaga masa hannu yana jan hanci, ya ce gobe zai turo matarsa ta taya shi wanke baranda.

Ƙofar ta rufe. Lambobin suka fara sauka, sha uku, sha biyu, sha ɗaya.

"Da gangan na yi," Tajuddeen ya gaya wa ƙarfen ƙofar.