Matar da ke Jikin Allon Silima

Katafila ta riga ta cinye rabin zauren kallo lokacin da Baba Mai Fenti ya tsallake igiyar da aka gitta, yana ɗaga sandarsa kamar mai tare tasi.

"Kai, ɗan nan! Tsaya!"

Direban katafilar ya kashe inji ya leƙo, fuskarsa ta yi fari fat da ƙurar siminti. "Baba, ka gaji da duniya ne? Bango na zubowa kana shigowa?"

"Ɗakin ƙarƙashin matakala nake so. Minti goma kawai."

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana zana allon talla na wannan silima ta bakin gari. Duk ranar da za a sauya fim, manaja kan ba shi suna da ɗan guntun labari, wani lokaci da hoto, sau da yawa babu. Jarumi ba ya ba shi wahala: gashin baki, bindiga, an gama. Jarumar ce matsala. Mutumin da bai taɓa ƙare wa wata mace kallo ba sai matarsa, wa zai zana? Sai ya riƙa zana ta. Ya sauya mata kitso, ya ɗora mata kambi ko hular soja, amma idanun nata ne, har da ɗan tabon da ke gefen girarta ta hagu. Ita ba ta taɓa taka silima ba, shi kuma bai taɓa faɗa mata ba. Da farko tsoro yake ji kada ta ce ya kafa ta a bakin titi kowa na kallo. Da abin ya tsufa sai ya zama kunya.

Da safen nan, da labarin rusau ya iso gida, ta dangwarar masa da kofin shayi ta ce, "Gara da aka rushe ta. Ka ƙarar da ƙuruciyarka wajen zana matan duniya, ni ko ƙwayar idona ba ka taɓa zanawa ba." Ta sha faɗin haka ya yi dariya ya wuce. Yau dariyar ta ƙi zuwa. Shekara shida ke nan hannunsa yana rawa, ko burushi ba ya iya riƙewa. In allon ƙarshe ya bi ƙasa, ba shi da sauran abin da zai nuna mata.

Direban ya kalle shi, ya kalli agogo, ya yi tsaki, sannan ya sauko da ƙarfen ɓanɓare ƙusa. Bugu biyu ƙofar ta buɗe. Warin tsohon fenti ya bugi Baba, sai da ya dafa bango. Nan yake zama ya haɗa kala yana jin ihun 'yan kallo ta cikin katanga, har ya iya gane inda jarumi ya iso ba tare da ya leƙa ba.

Allunan suna jingine yadda ya bar su, amma gara ta riga shi zuwa. Na farko ya marmashe a hannun direban. Na biyu ma haka. Na uku fuskar ce kawai babu, kamar da gangan.

"Akwai ɗaya a baya," in ji direban. Ya jawo shi waje cikin rana, ya goge da hularsa. Ruwa ya cinye ƙasan allon da sunan fim ɗin, amma ga ta nan, tana hararar duniya da kambi a ka.

Direban ya saki baki, sannan ya fashe da dariya. "Wallahi ita ce! Matar allo! Baba, ka san wahalar da ka ba mu? Muna samari duk sati sai mun shigo don mu gan ta a fim, ba ta taɓa fitowa ba. Har mai tikiti muka taɓa tsarewa muka ce an yanke wurinta. Wace ce?"

"Tana gida, tana fushi da ni."

Direban ya tare masa mai amalanke, shi da kansa ya ɗaure allon. Kafin su sha kwanar titin Baba ya ji injin ya sake tashi, bai waiwaya ba.

Ya sami matarsa tana shanya a tsakar gida. Ya sa aka jingine allon, ya tsaya gefe yana murza kan sandarsa.

"Uwar yara, zo ki gani. Duk matan nan da kike faɗa... ke ce. Tun allon farko. Ban taɓa iya zana wata ba."

Ta yarfe hannunta, ta ɗauko tabarau, ta matso. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa kan tabon girar, sannan ta taɓa nata.

"Ka ƙara mini hanci."

"Ba ki ji haushi ba?"

"Haba, Malam. Tun ina goyon babbar yarinyarmu na sani. Matan layin nan tauraruwa suke kirana a bakin famfo. In zan je kasuwa da gangan nake shiga motar da ke bi ta gaban silimar, in ga me ka sa mini a ka wannan satin."

Baba ya zauna kan turmi. Murna da haushi suka cakuɗe masa. "Kusan shekara arba'in kina gasa ni! To me ya sa ba ki taɓa cewa kin sani ba?"

"Kowa ya faɗa mini," in ji ta. "Kai nake jira."

Ta shige falo. Ya ji tana cire tsohuwar kalanda daga ƙusa.

"Taso mu shigo da allon ka riƙe mini can gefen," ta ƙwala masa kira. "Kada ka bari in karkace."