Zaren da Ba a Ƙullawa

Tun da furfura ta fito wa Bang Seokju yake fama da littafi ɗaya: labarin wani matafiyi da ya zaga duniya neman farin ciki, ya dawo gida ya mutu yana murmushi. Shi ma haka ya ɗauki kansa. Akwatin gawarsa na ajiye a rumfa, duk kaka sai ya shafe shi da sabon fenti. Wanda ya zo shan giyar shinkafa kuwa, sai ya haɗa da wa'azi: mutuwa baƙuwa ce, mai hankali shimfiɗa yake yi mata.

"Shimfiɗa!" in ji matarsa Okbun. "Kai da ko tabarmarka ba ka iya naɗewa?"

Da watan ƙari ya kama, wanda sai bayan 'yan shekaru yake zuwa, watan da ake ɗinkin likkafani don mai shi ya yi tsawon rai, Okbun ta zauna ta ɗinka masa nasa da zanen rama. Ba ta ƙulla zare ko ɗaya ba, don ƙulli yana riƙe mamaci ya kasa tafiya.

"Naki fa, tsohuwa?"

"Zanen na mutum ɗaya ne, maigida. Kai ke gaggawa. Nawa sai wani watan ƙarin."

Ya yi dariya ya koma kan rubutunsa.

Sanyi na shigowa, Okbun ta faɗi a tsakanin tulunan da take jiƙa kabeji, ba ta sake tashi ba. Matan makwabta suka zo yi mata sutura, suka tambayi likkafaninta. Duk shirin nan na Seokju, bai taɓa kawo wa ransa ita za ta riga shi ba. Ya ɗauko nasa ya miƙa, ya ce a fito da akwatin ma.

Rigar likkafanin ta yi mata yawa, hannuwan sun rufe yatsunta. Ya durƙusa ya naɗe ɗaya, sai ya ga bakin zaren yana reto yadda ta bar shi. Ya kama zaren ya ƙulla.

"Haba Malam!" in ji babbar cikin matan. "Kai da ka fi kowa sani? Ai riƙe ta za ka yi, ba za ta tafi cikin salama ba."

"Na sani," in ji shi.

Ya ƙara wani ƙullin a kai.