Kunkurun Tagulla

Wata uku bayan an ƙone gawar Ilango, abokinsa Maran ya hau bene na uku na gidan su Ilango a Chennai riƙe da leda mai ruwa, ya miƙa wa mahaifin mamacin, Periyasami, wanda shi ma yake kira Appa, wato baba.

"Appa, naka ne. Bara Ilango ya yanko mini reshe daga babban murjaninsa. Ni aiki zai kai ni ƙasar waje, na sayar da tankina da duk abin da ke ciki, wannan kaɗai na ware."

Periyasami ya ɗaga ledar wajen haske. Wani abu ne mai kama da naman kaza, bai fi babban yatsa ba, an ɗaure shi da zare a kan tsakuwa. Shekara shida ɗansa ya yi yana kiwon irinsa a tankin gilashin falo, murjani mai rai, halittar teku mai taushi da ke kaɗawa a ruwa kamar ciyawa. Duk sun mutu a makonnin asibiti, lokacin da aka ɗauke wuta kwana biyu babu kowa a gida. Tun daga nan tsohon yake canza ruwan gishiri saboda duwatsu da 'yan dodon koɗi, don hannunsa ya kasa kashe injin da ɗansa ya kunna.

Maran ya bar ledar ta yi iyo a tankin rabin sa'a, yana ɗiga mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan, sannan ya ajiye tsakuwar can ƙasa, ya rage hasken fitila.

"Baƙo ne, zai yi fushi. Zai tsuke, ya yi ƙyalli kamar an shafa masa kakin zuma. Kada ka taɓa shi, kada ka matsar da shi. Kwana goma, Appa. Masu tausayi su suka fi kashe murjani."

A rana ta uku ya buɗe. Ƙananan gasu suka fito masa suna rawa. Periyasami ya jawo kujera ya zauna har kofinsa ya huce.

Ranar ce yayarsa Alamelu ta zo da kwanon shinkafa da wani abu naɗe a jarida.

"Kai Periya, tsufa ya zo maka da noman naman kaza?"

"Murjanin Ilango ne, Akka."

Ta kwance jaridar. Kunkuru ne na tagulla, ɗan kamar ƙwan kaza. Ta ce ta kai zanen gidan wurin mai duba fuskar gini, ya ce ruwa yana zaune a kusurwar da ba tasa ba, shi ya ci yaron. Magani shi ne kunkuru ya kwanta cikin ruwan, kansa na kallon arewa.

Periyasami shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi. "Hanta ce ta kashe shi, Akka, ba kusurwa ba."

"Sannu, shugaban masu ilimi. Lissafin naka ya tashe shi? Kana da sauran 'ya, kana da jikoki biyu. In bai yi amfani ba, ai ba zai yi illa ba."

Wannan magana ta kashe mutane fiye da annoba, amma ba a taɓa kama ta da laifi ba. Ya dubi idanun yayarsa, ita da ta goya Ilango kafin uwarsa ta warke daga jego. Da hannunsa ya tura kunkurun bayan dutse inda ido ba zai gani ba.

Washegari murjanin ya tsuke. Periyasami bai damu ba, an faɗa masa. A rana ta shida dodon koɗi biyu suka saki gilashi suka faɗo a kife. A ta bakwai ya kira Maran.

"Appa, kwana nawa na ce?"

"Goma."

"To yau nawa?"

"Bakwai. Amma launinsa..."

"Haka Ilango yake, ɗan uban gaggawa! Ka fita ka sha iska."

Maganar kunkuru ta zo masa har baki, ya haɗiye. Malamin lissafi ba ya son yaron da ya koyar ya ji ya bi mai duba. An ce haƙuri maganin zaman duniya. Ya zauna ya yi haƙurin, kwana uku cur, yana kallon abin yana yin toka-toka.

Da Maran ya zo ya ɗago tsakuwar, naman ya sulɓe daga zaren ya watse a ruwa kamar koko. Wari ya cika falon. Ya laluba bayan dutse yana neman mushen da ya ɓata ruwan, sai ya fito da kunkuru, duk ya yi kore.

"Wa ya saka wannan?"

"Ni."

Maran ya ce a hankali, tagulla a ruwan gishiri guba ce, kuma duwatsun sun sha ta. Su da yashin duk sai an zubar, babu murjanin da zai sake rayuwa a kansu.

"Ilango ne ya jera su," in ji tsohon.

"Na sani, Appa."

Da rana Alamelu ta iso, ta ji labari tun daga ƙofa. Fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu biyu sama.

"Ka gani? Masifar da ta nufo gidan nan ce murjanin ya ɗauke, ya mutu a madadin wani. Yau na samu kwanciyar rai. Zo ka ci abinci, Periya."

Ya je ya wanke hannu sau uku da sabulu, warin bai fita ba. Ya dawo ya zauna, ta zuba masa shinkafa har da ƙari.

"Haka ne, Akka," ya ce.