Katin a Hannun Mama

Duk bayan wata uku Auta take komawa asibiti a duba ta, tun da aka cire mata nonon hagu saboda cutar kansa. Shekararta ashirin da takwas, malamar lissafi ce, kuma a bencin jiran likita ita kaɗai ce marar furfura. Shi ya sa Mama ta ƙirƙiro dabara: ita ke riƙe katin, ita ke miƙewa tana dafa gwiwa in an kira lamba, Auta ta bi ta da jaka kamar 'yar rakiya. Mama kuwa ta iya ciwon ƙarya, har da nishi.

Ranar nan abu biyu suka haɗu. An kawo sabuwar nas, wadda ta ajiye teburinta a baranda tana awon hawan jini a gaban kowa kafin a shiga. Sannan ga gwaggon saurayin Auta zaune a ƙarshen benci. Shi saurayin ya san komai, danginsa ne ba su sani ba, ga maganar aure ta kankama.

Mama ta gaisa da gwaggon tana yaƙe, ta dawo ta raɗa wa Auta su sulale, a zo wani lokaci. Auta ta tsorata, ba ƙarya. Amma kwana goma ke nan tana jin ɗan ƙullutu a bakin ɗinkin, ba ta gaya wa kowa ba, kuma likitan nan in ranarka ta wuce, sai bayan wata uku.

Da aka kira lambarsu, sha huɗu, Auta ta zare katin daga hannun Mama ta je ta zauna. Nas ɗin, ko kallon katin ba ta yi ba, ta jawo hannun hagu za ta ɗaura abin awo.

"Dakata," in ji gwaggon daga inda take. Ta dubi Auta. "Wane ɓangare aka yi miki aikin, 'yata?"

"Hagu, Gwaggo."

"To ba ta hannun dama, kada na hagun ya kumbura. Ni ma tun da aka yi mini aikin, shekara shida ke nan, ban bari an matse nawa ba."