Wushiryar Elizabet

Baba Dogo ya manta kowa. Ya manta gonarsa, ya manta sunan cocinsu. Ɗansa Gabriel ma in ya zo daga unguwar Palladan, sai tsohon ya tambaye shi ɗan gidan waye. 'Yarsa Elizabet kaɗai ta rage masa, ita ma sai ta yi murmushi. Wushirya gare ta, irin ta marigayiya uwarta. Da ya hango ta sai ya ce "Lizabe," ya buɗe baki ta ba shi tuwo. Daga hannun wani ba ya ci.

Wata rana Keke Napep ya kife da ita a titin Samaru. Haƙoran gaba biyu suka ɓalgace, leɓe ya kumbura, murmushi ya gagara. Baba ya koma kurɓar kunu, shi ma da ƙyar. Kumburi na saɓewa ta nufi Sabon Gari, wurin wata likitar haƙori mai suna Chinelo.

Likita ta duba, ta ce saiwa na da rai, ba sai an cire ba, za ta cike da abin ciko mai launin haƙori. Ta gwada launi har ya dace. Ta riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan, tana haska wata shuɗiyar fitila yana daskarewa, sannan ta goge. Aiki ya yi kyau, ba mai cewa an taɓa wurin. Sai dai ba ta san bakin kafin ya karye ba, kuma ba wanda ya gaya mata da akwai wushirya. Haƙora suka fito manne da juna kamar ƙwayar masara.

Elizabet ta duba madubi, babu wushirya. Amma ba a yi mata tarbiyyar kushe alheri a gaban mai shi ba. Ta yi godiya ta fito.

A gida ta durƙusa da kwano, ta yi murmushi. Baba ya daɗe yana kallon bakinta.

"Baiwar Allah, gidan wa kike nema?"

Ya juya wa bango fuska. Gabriel ya ce a ƙyale shi, yunwa ba ta zaɓen fuska, har da zolayarta wai ta zama 'yar fim. Tuwo ya bushe a kwano, na washegari ma haka. Tsoho ya tare a bakin ƙofa, duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi ko ya ga Lizabe. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ta koma Sabon Gari ta faɗi abin da ya kamata ta faɗa tun farko. Chinelo ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko na'ura, ta tambayi faɗin wushiryar. Elizabet ba ta sani ba. Wa yake auna tasa? Hoto kuwa duk wanda ta taɓa ɗauka baki a rufe yake. Suka kintata, likita ta buɗe tsakanin haƙoran.

Elizabet ta sami Baba kwance a tabarma. Ta durƙusa, ta yi murmushi har kumatunta suka gaji. Idonsa ya ɗan yi haske.

"Kina kama da 'yata," in ji shi. "Ta fita, ba ta dawo ba."

"Ni ce, Baba. Ci ko loma ɗaya."

Ya tura kwanon a hankali.

"Ajiye. Sai ta zo."