Kwalekwale a Tsakar Gidan Turai

Ranar da Malam Sanda ya yi ritaya daga ofishin safiyo, matarsa Turai ta yanka zakara, ta toya waina ta raba wa maƙwabta, ta ce alhamdu lillahi, yau dai ta samu miji. Shekara talatin da ɗoriya tana zaune da mutumin da rabin rayuwarsa a daji take, yana awon ƙasar Arewa daga Yawuri har Mubi. Duk lokacin da ya ɗaure akwatin rangadi sai ya ce, "Ki yi haƙuri, Turai, in na ajiye aiki zama zan yi." Ta yi haƙurin. Ta haihu ba ya gari, ta yi jinyar yara ba ya gari, har mutuwar uwarta a bakin masinjan ofis ya ji. Kuma duk wannan zaman a cikin kulle ta yi shi, a gidansu na Unguwar Kanawa a Kaduna, domin Malam Sanda, da bokonsa da turancinsa da komai, bai yarda matarsa ta taka bakin ƙofa ba sai da dalili mai ƙarfi. Yakan ce katanga ita ce mutuncin gida.

Ba a rufa wata biyu ba sai ga mota ta jibge katako a ƙofar gida. Turai ta ɗauka rumfar girkin da ta daɗe tana roƙo ce za a kafa mata. Ina! Malam ya shigo da katakon nan da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya jera a tsakiyar tsakar gida, daidai inda take shanya.

"Malam, me za a yi da wannan?"

"Jirgin ruwa."

"Jirgin me?"

"Na ruwa, na ce. Ko kunnenki ya fara tsufa ne?"

Ta tsaya riƙe da muciya tana kallonsa. An sayar da kare an sayi biri ke nan. Mutumin da ya gama yawon tudu, yanzu kuma ruwa zai shiga.

Ya zauna ya yi mata bayani, har da zane a ƙasa. A rangadinsa na ƙarshe ya je Kainji, inda aka datse Kwara ruwa ya taru ya zama tafki, ba ka hango gaɓar can. A nan ya ga wani tsohon Bature da ya gama aiki kamar shi, cikin ɗan jirgi marar inji, sai wani dogon ƙyalle da aka ɗaura a sanda, iska na tura shi. "Da matarsa fa, Turai! Tsohuwa, kanta fari fat, ita ke riƙe da igiya. Sai su tafi wani tsibiri a tsakiyar ruwa, su kafa tanti, su kama kifi su gasa, su yi sati guda. Na ce wallahi ni ma ban tsufa da wannan ba. Ba zan shimfiɗa buzu a ƙofar gida ina jiran Mala'ikan mutuwa ba."

Kuma gaskiya bai tsufa ba. Har yanzu yana hawa kekensa zuwa Kawo ya dawo bai yi haki ba. Abin da ya sa ya shigo da aikin cikin gida kuwa, kunya ce. Ba ya so 'yan unguwa su ga babban ma'aikaci da guduma su ce Sanda ya zare.

To, sai tsakar gidan Turai ta zama shagon kafinta. Turmi ya koma bayan ɗaki. Akuyarta ta koma lungu. Garin katako a cikin miya, ƙusa a tafin ƙafa, warin kwalta har cikin zannuwan da ke cikin adaka. Tun safe ƙwanƙwasa, bayan la'asar ƙwanƙwasa. Ta yi mita har bakinta ya gaji. Amma maganar tsohuwar nan mai farin kai ta zauna mata a rai. Ita fa ko kogin Kaduna sau nawa ta gan shi? Ta tagar mota, a kan gada, mayafi ya rufe rabin ido. Da ta ga Malam ya kafa benci biyu a cikin jirgin, ɗaya gaba ɗaya baya, sai mitar ta ragu. Ba ta tambaya ba. Mace mai jikoki ba ta cewa miji "da ni za ka?" sai ka ce yarinya. Da ya sayo tamfol a kasuwa ya rasa yadda zai yi da shi, ita ta jawo keken ɗinkinta ta ɗinke masa ƙyallen nan, allura na karyewa tana sakewa, yatsunta duk suka yi kanta. Har ta ɓoye yajin daddawa a gwangwani, saboda gasasshen kifi.

Ana gobe za a fitar da jirgin, da hantsi, ta kai fura bakin zaure. Malam na zaune da amininsa Audi, wanda shi ma ya ajiye aikin gidan waya. Ta durƙusa za ta tura ƙwaryar sai ta ji muryar mijinta.

"Kai za ka zauna a bencin gaba, Audi, ka riƙe igiya. Ni ina baya, ina riƙe da matuƙin jirgin. In abin ya yi daɗi ai sai mu yi wata guda."

"Uwargida fa? Ba za ta ce komai ba?"

"Turai? Ai ta saba."

Ta saba! Turai ta ajiye ƙwaryar da ƙarfi har fura ta fantsama. Ta koma ɗaki. Wato ita ce jakar da ta saba da kaya. Ita ta ci garin katako, ita ta ɗinka ƙyalle, Audi mai ciwon gwiwa ne zai sha iska. Ta ɗauko gwangwanin yajin ta juye shi a kwata. Ranar ko tuwo ba ta tuƙa ba, ta ce kanta ke ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Kashegari da safe direban babbar mota, wani Bakatsine mai suna Hamisu, ya iso da leburori daga Abakpa. Malam ya leƙo ya ce, "A shiga ɗaki, maza za su shigo." Turai ta shiga ta saki labule, ta tsaya a bayansa tana leƙe ta gefe.

Suka ɗaga jirgin da salati, suka nufi zaure. A nan fa gizo ke saƙar. Zauren gidan, kamar na kowane gidan kulle, ƙofofinsa biyu ba sa kallon juna. Ta waje tana gabas, ta ciki tana kudu, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Malam Sanda da hannunsa ya zana shi haka lokacin gini. Ya auna faɗin ƙofa kafin ya fara aiki, jirgi zai wuce. Abin da bai tuna ba shi ne, mutum yana shiga zaure ya karya kwana, jirgi kuwa ba ya lanƙwasa. Goshin jirgin ya shiga ya tokare bango, gindinsa na tsakar gida. Aka karkata shi, aka ɗaga, aka mayar, aka sake. Fenti ya goge, wani lebura ya matse yatsa ya ƙunduma ashar.

Hamisu ya share gumi da hularsa. "Malam, wallahi wannan ba shi hita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai in an fasa bangon nan."

Turai ta ji wani sanyi ya sauka mata a ƙirji. Allah ya kama ka, in ji ta a ranta. Katangar nan ce Malam ya hana a ɓula mata ko 'yar taga, lokacin da hayaƙin murhu ke neman makanta ta. Ba zai taɓa ta ba. Jirgi ya zauna, mai jirgi ya zauna.

Malam Sanda ya dubi bangon, ya dubi jirgin. Ko dogon tunani bai yi ba.

"A fasa. Ku nemo diga. In mun dawo a sake ginawa, kafin nan a kafa zana."

Turai ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Ta zari mayafi ta yafa, ta fito tsakar gida, gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Leburori suka sunkuyar da kai. Ta dafa gefen jirgin, ta tattare zani, ta haura ciki, ta zauna daram a kan benci.

"To, ku fasa," ta ce. "Ku fasa ku ɗauke mu tare."

"Turai!" Malam ya daka mata tsawa. "Kin haukace ne? Sauko!"

"Ban sauka."

Ya juya ga mutanen. "Ku ba mu wuri." Suka ratsa ta gefen jirgin suka fice sum-sum, har da Audi da ya leƙo daga zaure ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Malam ya matso ya rage murya, haƙoransa a cije. "Kin tozarta ni a gaban 'yan dako."

"Ni na tozarta ka? Malam, ka ji tsoron Allah. Bikin 'yar ƙanwata a Unguwar Dosa, nan da nan, ka ce ban zuwa, katanga mutunci ce. Ramatu, 'yar da na haifa, tana naƙuda a asibiti, ka ce in jira a kawo min labari, katanga mutunci ce. Na yarda, na ce addini ne, na ce asali ne. Yau saboda katako ka ce a kawo diga! Ashe katangar tana faɗuwa? Ashe zana ma ta isa? To tun da tana faɗuwa don jirgi, ta faɗi don ni."

"Wannan daban, wancan daban."

"Ina bambancin? Faɗa min, kai ne mai ilimi."

Ya kauce wa tambayar. Sai ya ce, "Ke yanzu so kike a gan ki a bayan babbar mota, daga nan har Kainji? A gan ki cikin kwalekwale, masunta na kallo? Da girmanki?"

"Tsohuwar Baturiyar fa, mai farin kai? Kai ka zauna a nan kana yaba ta har kana lumshe ido."

"Ita Baturiya ce."

"Ni kuma mece ce? Turmi?" Hawaye suka zubo mata, na takaici, ba ta share ba. "Ba Makka na ce ka kai ni ba, ba Ingila ba. Ruwa kawai nake so in gani, ina zaune kusa da mijina, sau ɗaya kafin in mutu. Ni na ɗinka ƙyallen nan. In ka fasa bangon, da ni za a fita. In ka ɗauke ni da ƙarfi ka mayar ɗaki, wallahi kana juya baya zan bi ta ɓarakar in fita titi da ƙafata, 'yan Unguwar Kanawa duk su gan ni. Zaɓi ya rage naka."

Ta yi rantsuwa, kuma ya san ta, ba ta rantsuwar banza. Turai na kallon fuskarsa tana jira, domin har a lokacin tana sa rai. Kalma ɗaya ce fa. "Taho mu je." Da ya faɗe ta, da ta yafe masa shekarun nan gaba ɗaya, har da na mutuwar uwarta.

Ya juya ya shiga ɗakin ajiya. Ya fito da zarto.

Ya ɗora shi a gefen jirgin, tsakanin bencin da take zaune da ɗaya bencin, ya fara yanka. Katakon da ya goge da hannunsa wata da watanni, yana shafa shi kamar bayan doki. Zarton na shiga, jirgin na girgiza a ƙarƙashinta, garin katako na zuba a kan ƙafarta. Bai dube ta ba. Gumi na ɗiga daga gemunsa, yana yanka yana huci, ya gama gefe ɗaya ya zagaya ɗayan.

"Malam," ta ce. "Malam, bari. Don Allah bari."

Bai bari ba. Da ƙasan jirgin ya yi ƙara ya buɗe, dole ta dafa ta sauko. Ta tsaya tana kallon abin ya rabe biyu. Wani baƙin ciki ya kama ta wanda ya fi na jiya, ya fi na duk shekarun rangadi. Ta san yadda yake son jirgin nan. Ta san tsibirin nan da shi yake kwana da shi yake tashi. Duk ya gwammace ya yanka da hannunsa, da a ce an ga matar Sanda a waje.

Ya jefar da zarton, ya ɗaga murya ta kan katanga. "Audi! A sallami mota, an fasa tafiyar. Hamisu, ku zo ku kwashe min wannan tarkacen daga hanya."

Sannan ya dube ta, karo na farko tun da ya ɗauko zarton.

"Shiga ɗaki. Maza za su shigo."

Ta shiga. Ina kuma za ta?