Kafson da Ba Shi da Kwali

Auta ta yi kwanaki tana tari, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa, jiki zafi rau. Ubanta mai walda ne, ana ce masa Guduma, kuma ba don sana'a kaɗai aka laƙaba masa sunan ba. Da matarsa ta ce a kai yarinyar asibiti, sai ya ce aiki ya sha masa kai, ta je wajen mai kemis na bakin layi, ai shi ma Dakta ake ce masa.

Daktan nan bai saurari ƙirjin yarinya ba, bai tambayi nauyinta ba. Hannu kawai ya zura cikin wata roba ya ɗebo kafso irin na manya, ja da rawaya, ya ƙulle a leda. Ba kwali, ba suna.

"Ki fasa ɗaya ki juye garin a cokali da ruwa," in ji shi. "Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, gobe war haka tana guje-guje."

Uwa ta yi yadda aka ce. Ba a jima ba leɓen Auta ya kumbura, idanu suka shige ciki, numfashi ya koma fito. Yayar Guduma, wadda katanga ce kaɗai tsakaninsu, ta ji ihu ta faɗo gidan ko takalmi babu. Ta suri yarinyar, ita da uwar suka tare tasi sai asibiti.

Wani mai faci ne ya kai wa Guduma labari a wurin aiki. Mai hankali asibiti zai nufa. Shi kuwa sai ya kashe injin, ya zari guntun rodi, ya miƙi layi.

Mai kemis yana ƙirga wa wata tsohuwa ƙwayoyi ya ga inuwa ta rufe ƙofa.

"A'a, maigida Guduma, ya mai jiki?"

Rodi ne ya ba shi amsa. Dukan farko ya sauka a kan gilashin kantar shagon, ya tarwatse. Tsohuwa ta fita da rarrafe tana salati. Guduma ya bi katakon da aka jera magani yana shara, kwalabe na fashewa, robobi na hantsilowa, ƙwayoyi suka watsu a ƙasa kamar an zubar da tsaba.

"Tsaya ka ji! Don girman Allah tsaya in faɗa maka!"

"Ka faɗa wa uwarka, ɗan iskan likitan ƙarya!"

Ya damƙo wuyan rigarsa ya jawo shi ta saman kanta, ya buga shi da bango. Mai kemis ya ɗaga hannu zai kare fuska, rodi ya same shi a damtse, aka ji ƙas. Na gaba ya same shi a muƙamuƙi. Ya zube cikin ruwan maganin tari, jini na bin haɓarsa, haƙori ɗaya can gefe. Mutane sun cika ƙofa, kowa na cewa a riƙe shi, ba wanda ya taka ciki.

Yayar ce ta ratso su. Tana isowa ta sharara wa ƙanen nata mari, wanda har na waje suka ji.

"Ajiye ƙarfen nan, sakaran banza!"

"Yaya, ya kashe mini 'ya."

"Wa ya ce maka ta mutu? An yi mata allura, numfashi ya dawo. Amma ciwon ƙirjin yana nan, ya ci ƙarfinta. Likita ya ce dole a sa mata wani maganin yanzu, kuma ba zai sa ba sai ya san wanne ne jikinta ya ƙi, kada ya ba ta ɗan'uwansa ya ƙarasa ta. Mun nuna masa ledar, ya ce ja da rawaya sun fi a ƙirga, ba rubutu a jiki. Shi ya sa na zo in tambayi wannan bawan Allah. To, tambaye shi mana, tunda kai ne mai baki a hannu!"

Guduma ya dubi mutumin da ke kwance a sume, idanu a juye. Ya saki rodin. Ya durƙusa cikin fasassun kwalabe yana tattaro kafso, gilashi na yankar gwiwarsa. Ga ja da rawaya nan birjik, ga robobi a wofi kowace da nata sunan, amma wanne ya fito daga wacce? Shi da kansa ya cakuɗa su.

"Dakta," ya ce, yana girgiza shi a hankali. "Dakta, don Allah."

"Yanzu ya zama Dakta?" in ji Yaya. "Ɗauke shi. Kai ka kayar, kai za ka ɗauka."

Ba mai motar da ya yarda ya ɗauki jini. A baya Guduma ya goya shi, yana gudu yana haki cikin rana, karyayyen hannun na lilo a kafaɗarsa.

A asibiti aka kwantar da mai kemis, aka tsayar da jinin, aka tallafe muƙamuƙin. Da ya buɗe ido ya ga Guduma, sai ya juya fuska bango. Wata nas ta sunkuya ta kara kunnenta a bakinsa.

"Malam, sunan maganin. Ba don shi ba. Don yarinyar."

Can leɓensa ya motsa, kalmar ta fito da kumfar jini. Nas ta maimaita, ya lumshe ido alamar haka ne. Ta fita da gudu.

Kafin Guduma ya bi ta, 'yan sanda biyu sun tare hanya. Suka murɗe hannayensa baya, ankwa ta ciji fata.

"Ranka ya daɗe, ku bar ni in leƙa ta kawai."

"Da wannan rigar?" in ji Yaya. "So kake ta farka ta ga mahauci?"

Ta ƙofar ɗakin yara ya hango an sauke Auta daga kan ma'auni, likita na zuƙo magani a sirinji daidai nauyinta, uwar na riƙe da ɗan hannun. Ɗan sanda ya ingiza ƙeyarsa, suka fita da shi.